Gubar Da Ido Ba Ya Gani A Cikin Ruwa Da Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya ajiye shi a cikin ƙasa domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, duk almajirin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san malaman Malikiyya suna auna ruwan tsarki da siffofi uku, watau launi da ɗanɗano da wari. Muddin wani abu bai sāke ɗaya daga cikinsu ba, to alwala da wanka sun inganta. Wannan hukunci daidai yake, amma fa a babin tsarki. Inda jama'a da yawa suke kuskure shi ne su ɗauko wannan ma'auni su kawo shi babin ci da sha, su ce tun da ruwan rijiya garau yake, ƙasar gida kuma kamar kullum take, ai babu cuta. Alhali kuwa akwai gubar da ba ta da launi, ba ta da wari, harshe kuma ba ya jin ta.

Mutanen Zamfara sun ga wannan a shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Bagega, cikin ƙasashen Anka da Bukkuyum, yara ƙanana suka dinga sanƙarewa suna mutuwa, ana zaton zazzaɓi ne, har likitocin Na-Gari-Na-Kowa, watau MSF, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka auna jini da ƙasa, sai ga shi dalma ce. Masu neman zinariya suna kawo duwatsu cikin gida ana niƙawa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan, aikin ya zama na baban giwa. Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare tata, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ce ta ƙauye da rashin sani. A Amurka, sansanonin mayaƙan sama sun yi shekaru tun daga wajen 1970 suna atisayen kashe gobarar man jirgi da wata kumfa mai ɗauke da sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa. Kumfar ta nitse cikin ƙasa ta isa ga ruwan ƙarƙashi, ruwan kuwa bai san shingen bariki ba. A 2018 aka gano ta a rijiyoyin maƙwabtan sansanin Kanon a Jihar Niyu Meksiko, wani makiyayi ya daina sayar da madara, daga baya aka halaka shanunsa fiye da 3,000. A 2024 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙayyade cewa biyu daga cikin sinadaran kada su wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. Wane ido ne zai ga wannan?

To, mene ne hukunci? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar game da yin bayan gida a mashayar jama'a. Wanda ya hana wannan, ai abin da ke kashe yara ya fi cancantar hani. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hanin cutarwa da ramuwa da cuta, malamai kuma suka gina a kansa cewa cuta dole a gusar da ita. Gusarwa kuwa ba ta yiwuwa sai an san inda take, sanin kuma ba ya samuwa sai da awo. Saboda haka ɗibar ruwa da ƙasa a kai ɗakin gwaji, a wurin da ake da dalilin zargi, farilla ce ta kifaya, nauyinta kuma yana kan hukuma da farko. Wanda aka gwada rijiyarsa aka ga guba, alwalarsa da ruwan ta inganta, amma shansa da shayar da iyali ya haramta. Wanda kuma ya san sakamakon awo ya ɓoye, ko ma'aikaci ne ko hafsa ko mai unguwa, ya yi algus ga Musulmi.

Akwai kuma lamuni. Malamai sun ce wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, abin da ya faɗa ya halaka shi zai biya, ko da bai tura kowa ba. Mai zuba guba a ƙasa haka yake, kakin soja ko hatimin gwamnati ba sa ɗauke masa biyan dabba da gona da kuɗin magani. Don haka ya kamata a auna rijiyoyin da ke kewaye da sansanonin mayaƙan sama na gida, irin na Kaduna da Kainji, a kuma karanta wa maƙwabta sakamakon da harshen da suke ji.

Mutanen Liba da Jega da Maiyama, da manoman albasa na Aliero, rijiya da burtsatse da ruwan Gulbin Zamfara ne rayuwarsu. Mai wanke tulun feshi a bakin rijiya, da mai zubar da baƙin man injin ban-ruwa a fadama, hukuncin nan ya hau kansu kamar yadda ya hau kan manya. Ga jami'ar kimiyya a Aliero, kusa da gida. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin lasifika yana iya tara kuɗin kai kwalbar ruwan rijiyar unguwa a auna.