Rabo a Teburin Karta: Ina Adalci?

A gasar kartar poka, idan 'yan wasa kaɗan suka rage, sukan daidaita su raba kuɗin kyauta. A Las Vegas a 2003, Chris Moneymaker ya yi wa Sam Farha tayin rabo. Farha ya ƙi, ya kuma sha kaye. Ƙin nan hakkinsa ne, gama rabo sai da yardar kowa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, sashe na 2413, bai haramta wasan sa'a ba, amma ya hana zamba. Saboda haka wanda ya ɓoye wa maras sani lissafi, ko ya matsa wa gajiyayye har ya amince, ya zalunce shi, ko da sun tafa. Mu tuna da wannan ranar rabon gado.