Finjalin Kaka da Tambayar Asali

A gidanmu da ke Magarya akwai wani finjalin gilashi mai ruwan zuma, wanda ba a saukowa da shi daga jere sai ranar salla. Tun muna yara ake gaya mana cewa ayarin Tarabulus ne ya kawo shi Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, daga can ya biyo amarya zuwa Dungas, har ya iso hannun kakarmu.

Sai dai gilashi ma yana ba da shaida. Wanda aka hura da baki yakan zo da ƙananan kumfa a jikinsa, da tabo a gindi inda maƙerin ya ɓalle sandarsa. Wanda inji ya matsa a mazubi, dabarar da ta bunƙasa a Amurka tun wajen 1825, kaurinsa daidai yake ko'ina. Da na kifa namu, sai na ga an rubuta Duralex, sunan da Faransa ba ta san shi ba kafin 1945. Tanimun ya riga finjalin nan da shekara sittin ko fiye.

To, wajibi ne in faɗa wa gwaggona, wadda ba ta da sauran abin tuna mahaifiyarta sai shi? Wani zai ce shiru ya fi, tunda labarin bai cuci kowa ba. Na daɗe ina ganin haka. Amma da na sake nazari, na tarar akwai wadda ya cuta. Idan finjalin na zamanin cinikin gyaɗa ne, lokacin da kantunan Faransawa ke cika bayan kaka, to ba gadon fada ba ne, sayensa aka yi. Kakarmu kuwa ba ta da wata sana'a sai matsar mai da suyar ƙuliƙuli. Mun ɗauke yabo daga guminta mun kai wa ayarin da bai san da ita ba, domin muna ganin daraja sai ta zo daga nesa.

Na faɗa wa gwaggo. Ta yi shiru, ta juya finjalin a hannunta, sannan ta ce ta tuna turmin da aka daka gyaɗar, kuma yana nan a bayan ɗaki.