Ɗanɗano Daban, Ƙoshi Daban

Karatu: Karin Magana 11:1, Yakubu 5:4

Duk wanda ya san kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ya san ba a cinikin biri a sama. Mai saye yana da damar ya duba ƙasan kwando, ko an jera masu kyau a sama an ɓoye ruɓaɓɓu. Mai sayen shinkafa a Kura yakan ɗebi tafi guda ya murza, ya ga ko da tsakuwa. Mai kankana yakan yanka 'yar tsaga ya miƙa maka. Ba wanda ke kiran wannan sata.

Da wannan hujjar ce matasa da yawa ke kare kansu idan sun je wurin masu tura finafinai a waya, ko sun sauke waƙa daga intanet ba tare da sun biya mai ita ba. Sukan ce, "Yaya zan ba da kuɗina a kan abin da ban gani ba? In bai yi daɗi ba, wa zai mayar mini?"

Kukan nasu yana da tushe. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar duba kaya, da damar mayar da wanda bai dace da yadda aka siffanta shi ba. A wasu ƙasashe an nemo wa kayan intanet hanya. Dandalin Steam, mai sayar da wasannin kwamfuta, yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba a yi wasan ya wuce awa 2 ba. Mai fim ɗin da ya cika tallarsa da abin da babu a ciki, shi da mai algus ɗin tumatir jirgi ɗaya ya kwaso su. Ma'aunin zamba abin ƙyama ne a gaban Ubangiji, ko a kasuwa ko a waya.

Amma ku lura da abu biyu game da ɗanɗano. Na ɗaya, mai kaya ne ke bayarwa da hannunsa. Na biyu, yana da iyaka. Wanda ya zauna ya cinye kankana ɗungurungum, ya share baki, sannan ya ce ba ta da zaƙi, ba ɗanɗanawa ya yi ba. Fim kuwa da kallo ɗaya ake cinye shi. Mutum nawa ne suka kalli kwafin sata har ƙarshe, sannan suka nemi mai shi suka biya?

Wani zai ce, "Ai ban rage masa komai ba, nasa yana hannunsa." Manomin rani ya fi kowa sanin amsar wannan. Ruwan da ke zuwa Kura da Bunkure da Kadawa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974. Wanda ya fasa bakin hanyar ruwa da dare shi ma yana iya cewa bai rage wa Tiga komai ba. Amma na ƙarshen layi ne zai wayi gari gonarsa a bushe. In kuma kowa ya ƙi biyan kuɗin ruwa, ciyawa da laka za su toshe hanyar, a rasa gaba ɗaya.

Haka ya faru da finafinan Hausa. Tun daga Turmin Danya a 1990, sana'ar ta ciyar da marubuta, da masu ɗaukar hoto, da masu ɗinki, da direbobi, da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Da kwafin sata da turawa a waya suka yi yawa, cinikin faifai ya durƙushe, masu shirya fim da dama suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar sauke kayan sata daga intanet, amma doka ba ta shiga aljihun kowa ta duba wayarsa. Lamiri ne kaɗai ke shiga can.

Manzo Yakubu ya yi kashedi a kan hakkin masu girbi da aka danne, ya nuna cewa kukansu yana kaiwa kunnen Ubangiji. Wanda ya kwana yana haɗa sauti, shi ma ɗan ƙodago ne. Haka mawaƙin bishara da muke tura waƙarsa daga waya zuwa waya, muna cewa ta albarkace mu, alhali bashin situdiyo yana wuyansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ɗanɗana ta ƙofar da mai kaya ya buɗe: tallar fim, ko abin da ya sa kyauta a tasharsa. In ya yi maka, ka biya. In an cuce ka, ka nemi haƙƙinka a fili. In ba ka da hali, ka haƙura har ka samu. Ke kuma 'yar'uwa mai waƙa, da kai mai shirya fim, ku sa saman kwandonku ya zama daidai da ƙasansa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hannu mai tsabta da ma'auni na gaskiya. Kada ka bar ni in ci gumin wani ina kiransa ɗanɗano. Amin.