Albasar Rudu da Maɓoyar Ƙanjamau

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru masu tsaronsa dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ka sani cewa daga cikin dakarun nan akwai waɗanda likitoci ke kira CD4, kuma su ne ƙwayar cutar HIV, mai haddasa ƙanjamau, ke farauta. Sai dai tana da zaɓe. A 2018, masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa, inda aka fara gano ta a 1983, sun nuna cewa ta fi kama waɗanda murhunsu ke ci sosai, masu ƙona sukari da yawa don samun ƙarfin aiki. Ba ta da murhun kanta, a na mai masaukinta take girki. Da suka rage wutar a ɗakin gwaji, sai yaɗuwarta ta ragu. Wannan sha'ani ne na can cikin ƙwayar halitta; barin sukari a shayi ba ya maganin komai.

To, me ya hana cutar ƙarewa? Tambayi manomin Aliero. Albasa kan yi watanni a rudu kamar ba ta da rai, amma da laima ta taɓa ta sai ta tsiro. Haka wasu dakarun ke rage wutarsu, su yi barci da cutar lulluɓe a cikinsu. Tun 1997 aka tabbatar da wannan maɓoya. Magani yana hana cutar hayayyafa, amma ba ya kaiwa ga masu barci, kuma sai an yi kimanin wata 44 kafin rabinsu su ƙare.

Saboda haka, ɗan kasuwar Jega da ya ji ƙarfi ya koma rumfarsa, da uwargida a Maiyama da gwaji bai ƙara nuna cutar a jininta ba, kada ɗayansu ya ajiye magani. Da an bari, cikin 'yan makonni take farkawa. Tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, tare suke tafiya.

Ku kuma ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga fagen da al'umma ke jiran ku. Sauran jama'a, mu daina ƙyamar mai jinya, domin kunya ce ke raba shi da asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masu lafiya. Amin.