Makiyayi Mai Fartanya

Kafin a fara wannan darasi sai a karanta Ayyukan Manzanni 18:1-4 da 20:28-35, sa'an nan 1 Korintiyawa 9:3-15.

Cikin ƙauyukan da ke kewaye da Potiskum akwai ƙananan ikilisiyoyi waɗanda ba su da fasto naɗaɗɗe. Mai lura da su wani manomi ne daga cikinsu. A wani wuri ana ce da shi mai-bishara, a wani wuri dattijo, a wani wuri kuwa malam kawai. Ba a ɗibiya masa hannu ba. Amma shi ne mai buga ƙarfe ran Lahadi da safe, shi ne mai koya wa masu neman baftisma, shi ne kuma akan tashe shi da tsakar dare idan ciwon yaro ya yi tsanani. Fasto yakan zo daga gari loto-loto domin baftisma da Jibin Ubangiji, ya koma. Sauran kwanakin shekara duka na mai-bishara ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin da ma'aikatan SIM suka zauna a Kukar Gadu, Turawa kaɗan ne, ƙauyuka kuwa da yawa. Waɗanda suka kai Maganar Allah daga ƙofa zuwa ƙofa 'yan ƙasa ne. Littafin da ke hannunsu na Hausa ne, gama an gama juya dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Amma masu jinsu da yawa Karekare ne da Ngizim. Saboda haka mai-bishara yakan karanta aya da Hausa, ya juya ta nan take cikin harshen da tsofaffi mata suke ji. Mu da aikinmu juyi ne mun san nauyin wannan: abin da mukan kwana muna aunawa a kan tebur, shi yana yinsa a tsaye, jama'a suna kallonsa. Sa'ad da aka kafa ECWA a 1954, a kan kafaɗun irin waɗannan mutane ta tsaya a karkara.

Sai mu lura da sunan aikin. Kalman nan "fasto" daga Latin ta fito, ma'anarta kuwa makiyayi. A Miletus ba manzanni Bulus ya kira ba, dattawan ikilisiyar Afisa ne, ya umurce su su yi kiwon garken Allah. Kalmar Helenanci da ya mora ita ce ta kiwon tumaki sosai. Mutumin Potiskum ba ya bukatar a fassara masa wannan. Wanda ya ratsa kasuwar shanu, ya san ba a tambayar makiyayi takarda. Bisashensa ake dubawa, ko sun ƙoshi, ko akwai wadda ta ɓace. Ba muna rena karatu ko naɗi ba ne, ko kaɗan. Amma kiwo ya riga naɗi.

To, me makiyayin nan yake ci? A nan ne zancen ya yi nauyi. Mutane da yawa sukan kawo misalin Bulus, su ce ai ya yi sana'a a Korinti tare da Akila da Bilkisu, yana ɗinkin tanti (waɗansu malaman dā sun ɗauka dukanci ne), bai nawaita wa kowa ba. Sai mai-bisharanmu shi ma ya ci daga gonarsa. Gaskiya ne Bulus ya nuna wa dattawan Afisa hannuwansa da suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa. Amma a karanta 1 Korintiyawa 9 a hankali. Kafin ya ce bai karɓa ba, sai da ya tabbatar cewa hakkinsa ne ya karɓa. Ya kawo misalin soja, da mai dashen inabi, da makiyayi mai shan nonon garkensa, ya kuma tuna da dokar Musa wadda ta hana a sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka. Bulus da kansa ya bar hakkinsa. Ba Korintiyawa suka hana shi ba. Mai hakki yana da iko ya yafe. Wanda ake bi bashi ba shi da ikon yafe wa kansa.

Ku duba yadda abin yake da damina. Ruwan ƙasar nan gajere ne, wata uku ko huɗu. Wanda ya makara da noman fari, ciyawa ta riga shi. A cikin waɗannan makonni ne zazzaɓi yakan yawaita, a kira mai-bishara jana'iza a wannan ƙauye yau, gobe a kira shi sulhu tsakanin miji da mata a wancan. Kowace rana da ya ba garke, daga gonar geronsa ya ɗebe ta. Da kaka rumbun maƙwabtansa ya cika, nasa rabi. Ba ya kuka, gama kunya ta hana shi, matarsa ce take ƙirga mudu. Shekara ta uku ko ta huɗu sai a ji ya tafi cin rani birni, ɗakin sujada ya zama a rufe, mutane su ce bangaskiyarsa ta yi sanyi. Nehemiya ya tarar da irin wannan a Urushalima: ba a ba Lawiyawa rabonsu ba, kowannensu ya koma gonarsa, aka bar Haikali. Abin lura, ba Lawiyawa ya tsauta wa ba, shugabanni ne (Nehemiya 13:10-11).

Kada kuwa wani ya ce mutumin da ba a naɗa ba ɗan ƙodago ne. Ubangijinmu ya bambanta makiyayi da ɗan ƙodago da abu guda, watau abin da kowannensu yake yi sa'ad da kerkeci ya zo (Yohanna 10:11-13). Ƙasar Potiskum ta ga kerkeci. A jajiberen Kirsimati na 2012 'yan bindiga suka faɗa wa masu sujada a wani ƙauye kusa da garin, suka kashe mutane har da mai yi musu wa'azi, suka sa wa ɗakin wuta. Cikin shekarun nan Musulmi ma sun binne nasu da yawa, a kasuwar shanu a 2012, a makarantar sakandare kuma a 2014. Ma'aikacin da aka aiko daga nesa yana da garin da zai koma, ba ma ganin laifinsa. Mai-bishara na ƙauye fa, gonarsa tana nan, kabarin ubansa yana nan, garken kuma danginsa ne.

Ikilisiyar ƙauye ba ta da kuɗi, mun sani, amma tana da fartanya, gayya kuwa al'ada ce da kakanninmu da naku suka sani tun kafin bishara ta zo. Bayan addu'a sai dattawa su zauna, mai-bishara ba ya wurin, su sa ranar da za a yi masa noman fari da ranar maimai, su kuma yanke dami nawa kowane gida zai kai rumbunsa da kaka. A rubuta a littafin ikilisiya, a karanta wa jama'a ran Lahadi mai zuwa.