Mai Bi Da Aka Ba Shi Iko A Gidan Yari

Ya ku masu neman hanyar Ubangiji, ku sani ba yari kaɗai ke mulkin kurkuku ba. Masu tsaro kaɗan ne, ɗaurarru kuwa da yawa. In an rufe ƙofa da dare, su ke shirya zamansu: wani ya zama shugaban ɗaki, shi ke raba wurin kwana da abinci, shi ke yin shari'a in faɗa ya tashi. A kurkukun San Pedro da ke birnin La Paz, ƙasar Bolibiya, ɗaurarru sun shahara da zaɓen wakilansu da kansu. Amma ɗakin kwana da kuɗi ake saye, matalauci kuwa sai ya yi wa mai kuɗi hidima kafin ya sami makwanci.

To, in irin wannan iko ya faɗo hannun mai bin Yesu, ƙaƙa zai yi da shi?

Ku duba Littafin Farawa, sura 39 da 40. An jefa Yusufu kurkuku a Masar bisa ƙarya, yari kuwa ya danƙa dukan ɗaurarru a hannunsa, bai ƙara bin sawunsa ba. Ikon nan ba ƙarami ba ne, gama mai irinsa yana iya hana maƙiyinsa abinci, ba mai ji. Amma Yusufu ya yi wa mai shayar da Fir'auna da mai toya masa gurasa hidima, da safe kuma da ya ga fuskokinsu a ɓace, ya tambayi dalili, alhali shi ma yana da nasa baƙin ciki.

Kada ku ce wannan na zamanin dā ne kaɗai. A shekara ta 1972, a garin Sao Jose dos Campos na ƙasar Brazil, wani lauya mai suna Mario Ottoboni da waɗansu Kirista suka fara ziyartar ɗaurarru, daga nan ƙungiyar APAC ta fito. A gidajenta ba mai tsaro da bindiga. Mabuɗan ƙofa suna hannun ɗaurarru, majalisarsu ke kula da tsabta da ladabi, ana kuwa kiran kowa da sunansa, ba da lamba ba. A ganina riƙon mabuɗin nan ya fi sarƙa nauyi, domin mai riƙonsa yana ganin ƙofa kullum.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an ɗaure ka, ko da laifi ko ba laifi, aka kuwa naɗa ka bisa ɗaki, kada ka karɓi toshi a kan tabarma. Kada ka tura baƙo kusa da bokitin bayan gida domin ba shi da kowa. In an kawo tuwo, ka fara ba marar lafiya rabonsa.