Ko Sai Mutum Ya Shiryu Kafin A Ba Shi Ɗaki?

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna raba kan masu taimakon gajiyayyu akwai ta cancanta, wato ko wanda ya rasa wurin kwana yana da haƙƙin a ba shi ɗaki saboda buƙatarsa kawai, ko kuwa sai ya bar shaye-shaye, ya riƙe maganin da likita ya ɗora shi a kai, sa'an nan a miƙa masa makulli. Tambayar ta fi tsananta game da waɗanda suka shekara da shekaru suna kwana a titi, domin da yawansu suna fama da taɓin hankali ko jarabar giya da ƙwaya, kuma su ne mutanen da zuciya ta fi saurin cewa su suka jawo wa kansu.

Turawan Ingila sun amsa ta a dokar matalauta ta 1834, wadda ta tura mai neman taimako zuwa gidan aikin tilas, aka kuma tsananta zaman gidan da gangan don kada ya fi rayuwar lebura mafi ƙarancin albashi daɗi. Gidajen sun shuɗe, amma tunanin ya rayu a cikin tsarin hawa-hawa da Amurka da Turai suka bi a ƙarni na 20, inda marar gida zai fara da makwancin taro, idan ya kiyaye dokoki a ɗaga shi zuwa gidan wucin gadi, idan ya daɗe bai sha ba a ba shi ɗakin kansa, wanda kuwa ya zame a mayar da shi ƙasa. Aibin tsarin shi ne sharaɗin da ya gindaya, titi ne yake hana cika shi. Mai ciwon suga yana buƙatar wuri mai sanyi da zai adana allurar insulin, mai tarin fuka sai ya sha magani wata 6 ba fashi alhali jakar da yake ajiye ƙwayoyin ana iya sace ta kowane dare, mai gyambo a ƙafa kuma likita zai ce ya wanke ya huta, shi kuwa wuni yake yi ana korarsa daga wannan baranda zuwa waccan. Wasu magungunan taɓin hankali suna sa barci mai nauyi, wanda yake kwance a bakin kanti kuwa ya san barci mai nauyi yana iya jawo masa duka ko fashi, saboda haka ƙin shan maganin da ake ɗauka taurin kai ne, sau da yawa lissafi ne na mai son ya wayi gari. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya na 2021 sun nuna cewa mazan da suka mutu ba su da muhalli a Ingila da Wales, matsakaicin shekarunsu kimanin 45 ne.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya juya tsarin a birnin Niyok, da abin da za a kira gida tukuna. Ana ɗauko mutum daga titi a kama masa ɗakin haya da sunansa, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ayarin ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a kuma su riƙa zuwa inda yake, ba tare da an ce sai ya daina sha ko ya karɓi magani ba. Wannan haɗin na ɗaki da masu kula shi ake nufi da muhalli mai tallafi. Ƙasar Finland ta mayar da shi manufar gwamnati a 2008, ta sauya manyan makwantan taro zuwa gidaje, har wani makwanci mai gado 250 a Helsinki ya koma ɗakuna kimanin 80 masu ƙofa da makulli. Marasa gida a ƙasar, waɗanda suka kai wajen 18,000 a 1987, sun koma ƙasa da 4,000 a 2022, ko da yake raguwar ta soma tun kafin manufar, da gina gidajen haya masu rahusa. A Kanada an yi gwaji daga 2009 zuwa 2013 a birane 5 da mutum sama da 2,000, aka tarar kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka ba ɗaki sun zauna cikinsa a dukan watanni 6 na ƙarshe, a rukunin da aka bari a kan tsarin da aka saba kuwa kashi 31 ne. Sai dai gwajin bai nuna sun fi sauran barin shaye-shaye ba, kuma masu tallata tsarin ba su cika son tsayawa a kan wannan ba.

A nan ne maganar ta bar hannun likitoci, domin idan hujjar ba da ɗaki ita ce yana warkar da jaraba, to hujjar ba ta da ƙarfi, dole a nemi wani tushe. Fiƙihun Musulunci ya daɗe da shi. Ibnu Hazmin, malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya tabbatar a littafinsa Almuhalla cewa wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu, shugaba kuma ya tilasta su idan zakka ba ta isa ba, ya kuma lissafa abinci da tufafin sanyi da na zafi da mazaunin da zai kare mutum daga ruwan sama da rana da idon masu wucewa. Ambaton idon masu wucewa ya isa a tsaya a kansa, don yana nuna cewa malamin ya ɗauki sutura a matsayin buƙata daidai da rufi, wanda yake kwana a kan tabarma tsakanin mutum 200 kuwa ya tsira daga ruwa amma bai samu sutura ba. Malaman zakka ma ba sa lissafa gidan da mutum yake zaune a ciki a matsayin wadatar da za ta hana shi karɓa. Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya sa kiyaye rai da hankali cikin larurori 5 da shari'a ta zo don tsarewa, kuma larura ita ce abin da rayuwa take rushewa idan babu shi. A masallacin Madina an keɓe rumfar Suffa ga baƙi marasa gida, cikinsu har da Abu Huraira, a masallacin kuma aka kafa tantin Rufaida inda aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Gwalalo.

Masu sharaɗi suna da abin riƙewa a cikin fiƙihun, kuma bai kamata a raina shi ba. Alƙur'ani ya hana taimakekeniya a kan saɓo, malamai kuma sun ce wanda ya ci bashi don aikata haram ba a biya masa daga zakka sai ya tuba. Amma illar hukuncin, wato dalilin da aka rataya shi a kai, ita ce kada dukiyar ta zama makamin saɓon, ɗaki kuwa ba a shan sa, kuma hana shi bai taɓa raba mashayi da kwalba ba, iyaka ya mayar da shan bainar jama'a inda yara suke gani. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya fita da sadakarsa da dare ta faɗa hannun ɓarawo, washegari hannun mazinaciya, aka sanar da shi an karɓa, da fatan su kame saboda ita; kyautar ce ta riga shiriyar, kuma fata aka ambata, ba tabbaci ba. Buhari ya kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddin shan giya. Hukunci ya hau kansa, amma bai fitar da shi daga cikin jama'a ba. Sharaɗin da yake da madogara shi ne na maƙwabtaka, domin shari'a ta hana cutarwa, kuma wanda yake dukan maƙwabta ko ya mayar da ɗakin kasuwar ƙwaya ana iya tashinsa kamar kowane ɗan haya, a nema masa wani wurin.

A ƙasar Hausa zaure da barandar masallaci sun daɗe suna ɗaukar baƙo, amma wanda hankalinsa ya taɓu ko ƙwaya ta ci shi, tasha da kango da gindin gada ne rabonsa, in kuwa dangi sun gaji sai gidan mari. Gidan marin da 'yan sanda suka kai wa samame a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna inda tunanin gyara kafin mutunci yake ƙarewa idan babu mai sa ido. Hukumomin zakka da hubusi, wato dukiyar da aka tsayar waƙafi, sun saba raba hatsi da jari da kuɗin asibiti, kuma babu abin da ya hana su a shari'a su kama ɗakin haya da sunan marar gida, su haɗa shi da ma'aikacin jinya mai zuwa duba shi. Wanda ya ce sai an shiryu tukuna, shi ne ake bin bashin hujja.